Ƙanƙarar Kakana

Kakana Placi ya rantse, ya ƙara rantsewa:
wannan ba dutse ba ne,
ruwa ne da ya yi taurin kai.
Sanyi ya damƙe shi tun duniya na rarrafe,
ya matse, ya matse,
har ya mance hanyar narkewa.

Ina 'yar shekara bakwai, na gaskata.
Na saci guda na jingina da murhu,
na tsuguna da kwano ina jiran ɗigo.
Miya ta tafasa, madara ta yi bori,
dutse ko gezau.
Kakata Mengia ta ja kunnena tana dariya.

In dusar ƙanƙara ta janye daga kafaɗun tsaunukan Sedrun,
sai ya ɗauki igiya da sandar ƙarfe,
gurasa, cuku, guduma mai ƙotar da ta san tafinsa,
ya hau inda akuya ma ke shakkar hawa.
Yakan ƙwanƙwasa dutse kamar baƙo a ƙofa,
ya kara kunne.
In ya ji amsa daga ciki,
sai ya zura hannu cikin tsaga har kafaɗa,
yana lalube a taɓo mai cizon yatsu,
ya zaro abin da tun fil azal bai ga rana ba.

"Ursina, ƙirga."
Gefe shida.
"Ɗauko wancan." Shida.
Ba maƙerin da ya goge, ba mai sassaƙar da ya taɓa,
haka dutsen ya ga dama.
Wuƙarsa ta bi ta kai, ta zame da kunya,
shi kuwa ya zana sunana a gilashin taga
kamar ana rubutu a kan man shanu.

Da dare muka shiga ƙarƙashin bargo,
ya goga biyu da juna,
wani haske ya farka a cikinsu ya koma barci,
ya bar mana ƙauri a hanci.
Mengia kuwa a goshi take ɗora shi in zazzaɓi ya zo.
Maƙwabciya takan aro na kwana uku
ta tura ƙasan matashi don mugun mafarki.
Ko yana yi? Ban sani ba.
Na dai san sanyinsa a fatata.

Yau ina gyaran agogo a Biel,
tabarau a ido ɗaya, hantsaki a hannu.
Cikin cikin agogon nan akwai ɗan ƙirinsa,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Lantarki na taɓa shi sai ya kama makyarkyata,
sau dubu talatin da biyu da 'yan kai
kafin daƙiƙa guda ta cika,
da wannan rawar jikin mutane ke kama jirgin safe.

A makaranta suka ce mini
ruwan zafi ne ya haife shi a can ƙarƙashin ƙasa,
ba sanyi ba.
Na zo gida hutu da maganar a baki.
Na same shi yana wanke wani da tsohon buroshi,
yana hura masa iska kamar jinjiri.
Na haɗiye.

Al'adar masu hawa ce:
in ka bar gudumarka a bakin tsaga,
tsagar taka ce, ba mai taɓawa.
Bara na hau, shekara tara da binne shi.
Gudumar na nan, ta yi tsatsa, ƙotar ta tsage.
Amma farin kogin ƙanƙarar da muke takawa
ya ja da baya tafiyar rabin sa'a,
tsakuwa ce kawai, da ƙarar ruwa ta ko'ina.

Ashe ta gasken ce mai narkewa.

Na zauna, na zaro tasa daga aljihu,
na kara a kumatu.
Kaka, har yanzu da sanyinta.